Stipe Shuvar: daga shugabancin jam'iyyar Tito zuwa 'yar ƙaramar mujalla a Zagreb

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya da muke hirar wargajewar Yugoslabiya, Abu Hafsat ya ce duk manyan jam'iyyar gurguzu, da kiɗa ya sauya, riga kawai suka sake suka koma 'yan kishin ƙabila. Na ce masa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, na kuma yi alkawarin kawo misali. To ga shi: Stipe Shuvar, ɗan Kuroshiya, ɗaya daga cikin jamhuriyoyin tarayyar Yugoslabiya. An haife shi a 1936 a Zagvozd, wani ƙauye mai duwatsu a bayan gaɓar tekun Dalmashiya. Ya karanta shari'a a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, ya koma nazarin zamantakewar mutanen karkara har ya zama farfesa. Tun yana matashi yake aikin mujallu, ya daɗe yana editan wata mai suna Nashe teme. Ya riƙe ma'aikatar ilimi da al'adu ta Kuroshiya daga 1974 zuwa 1982. A 1988 ya zama shugaban jam'iyyar gurguzu ta Yugoslabiya baki ɗaya, wato kujerar da Tito, tsohon shugaban ƙasar, ya zauna a kai. Shekara biyu bayan haka ba shi da ko muƙamin mai gadi. Ya rasu a 2004 yana fitar da wata mujalla da ba kowa ke saye ba, kuma bai taɓa cewa ya tuba daga aƙidarsa ba.

Abu Hafsat: Wa alaikumus salam. Malam, ai taurin kai ba gaskiya ba ne. Fir'auna ma bai sauya ra'ayi ba sai da ruwa ya kai masa wuya. Ka faɗa mana abin da ya yi da mulkin lokacin da yake hannunsa, sannan mu yi maganar riƙe aƙida.

Ɗan Gwarzo: Ni abin da na sani game da Kuroshiya shi ne sun lallasa mu ci 2 da nema a gasar kofin duniya ta 2018. Ɗaya mu muka ci gida, ɗaya Modric ya buga daga kai sai mai tsaron gida. Har yau ban yafe ba. Ku ci gaba, ina karantawa.

Malam Habu: Allah ya huci zuciyarka Ɗan Gwarzo. Abu Hafsat, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan ɓoye komai ba. Abin da aka fi tuna shi da shi a ƙasarsa ba siyasa ba ce, makaranta ce. Kafin zamaninsa, yaro in ya gama firamare ta shekara takwas, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya shiga gimnaziya, sakandaren da ke kai mutum jami'a, ko ya shiga makarantar sana'a ya fito ma'aikacin masana'anta. Shuvar ya duba ya ga 'ya'yan likitoci da lauyoyi da manyan jam'iyya ne suka cika gimnaziya, 'ya'yan manoma da leburori kuma su ne a makarantar sana'a. A ƙasar da ke kiran kanta ta ma'aikata! Sai aka soke gimnaziya ɗungurungum. Kowa ya yi shekara biyu na karatun gama-gari tare, sannan shekara biyu na koyon wata sana'a takamaimai, kowa ya fito da takardar aikin hannu. Shawarar daga babban taron jam'iyya na 1974 ta fito, an kuma aiwatar da ita a duk faɗin Yugoslabiya, amma shi ne ya tsaya mata da baki da alƙalami, har mutane suka laƙa wa tsarin sunansa, suna ce masa Shuvaritsa.

Ummu Khalil: Malam tsaya nan, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shekarata ashirin da wani abu ina koyarwa. Makarantar da aka fara tura ni akwai wani ɗaki a bayan ofishin shugabar makaranta, kullum a kulle. Wata rana mukullin ya shigo hannuna don za a ajiye tsintsiyoyi. Ina buɗewa sai ga akwatunan katako har sama, wasu gara ta cinye gindinsu. Na leƙa wanda ya fashe: injin yankan katako ne, yana nan cikin ledarsa da man da aka shafa masa tun daga masana'anta, man ya daskare ya yi baƙi. Kayan koyar da sana'a ne na tsarin 6-3-3-4. An kawo su, ba wutar da za ta ja su, ba malamin da ya iya kunna su. Mu kuwa muna zana wa yara hoton zarto a allo. Saboda haka in an ce min wani ya zauna a ofis ya tsara cewa kowane yaro zai fito da sana'a, abin da nake fara tambaya shi ne: wa zai koyar, kuma ina aikin yake in sun fito?

Malam Habu: Malama, kamar kin karanta ƙarshen labarin. Su ba matsalar wuta suka samu ba, matsalar aikin ce. Tsarin ya ɗauka cewa masana'antu za su riƙa faɗin irin ma'aikatan da suke buƙata, makarantu su yaye musu. To daga 1980, shekarar da Tito ya rasu, tattalin arziki ya shiga halin ni-'yasu: bashin waje kusan dala biliyan 20, hauhawar farashi, layin mai, ƙarancin gahawa da sabulun wanki. Masana'antar da ba ta iya biyan na ciki ba, ina za ta ɗauki na waje? Sai ga matasa da takardun sana'o'i iri-iri suna zaman kashe wando. Malaman jami'a kuma suna kukan ɗaliban da ake turo musu ba su da tushe. Su kuma masu hali ba su rasa dabara ba, nan da nan suka gane waɗanne makarantu ne tsoffin gimnaziya da aka sauya wa allon suna, suka cusa 'ya'yansu can. Akwai wata a Zagreb da aka kafa tun 1607, ita ma sai da ta rasa sunanta na wani lokaci. Da gurguzu ya faɗi aka dawo da gimnaziya.

Abu Hafsat: Ka ji ko. Ya lalata karatun 'ya'yan mutane, kai kuma kana kawo mana shi a matsayin gwarzo.

Ummu Khalil: A'a Abu Hafsat, ni ban ce haka ba. Ciwon da ya gani ciwo ne na gaske. Je ka duba su wa ke samun gurbin karatun likita a wurinmu, ka duba 'ya'yan wa ke bakin kanikawa. Maganin ne ya zo da ƙarfin tuwo. Ba ka gyara rashin adalci ta hanyar rushe makaranta mai kyau, sai dai ka buɗe wa ɗan talaka ƙofarta.

Sadiya Mai Rahoto: Salam. Ni dai a matsayina na 'yar jarida, ba maganar makaranta ce ta dame ni ba. Malam Habu, ka yi mana bayanin Farin Littafi. Kar ka tsallake.

Malam Habu: 'Yata Sadiya ba ki bari tsoho ya sha ruwa. To. A 1984, lokacin Shuvar ne ke kula da harkar aƙida a jam'iyyar reshen Kuroshiya, aka haɗa wani kundi da ya yi suna da Farin Littafi. An bi jaridu da mujallu da littattafai da wasannin kwaikwayo, aka tsinto maganganun marubuta da masu zane da 'yan fim waɗanda ake ganin sun saɓa wa tafarkin gurguzu ko suna rura wutar ƙabilanci, aka jera su da sunayensu. Yawancinsu 'yan Sabiya ne mazauna Belgired, babban birnin Sabiya da na tarayyar. Wannan ya harzuƙa mutanen can ƙwarai: me ya kai jam'iyyar Zagreb yin ƙidayar marubutan wata jamhuriya?

Sadiya Mai Rahoto: To ni nan na raba gari da shi. Mutumin da ya tashi a cikin mujalla, ya san wahalar haɗa shafi, ya san yadda gaban edita ke faɗuwa in waya ta yi ƙara daga sama, shi ne kuma zai zauna ya jera sunayen abokan sana'arsa? Ba sai an ɗaure ka ba. Sunanka ya shiga irin wannan kundi, mai buga littafi zai daina amsa gaisuwarka, gidan rediyo ya daina gayyatarka. Na taɓa yin wani rahoto a kan kwangilar rijiyoyin burtsatse. Ba wanda ya kama ni, ba wanda ya zage ni. Editana kawai ya kira ni ya ce an yi masa waya, daga ranar aka mayar da ni shafin girke-girke. Wata takwas ina rubuta yadda ake dambun zogale. Na san abin da jerin sunaye ke yi wa mutum.

Malam Habu: Ba ni da ta cewa a nan, kin fi ni gaskiya. Abu ɗaya kawai zan ƙara, ba don in wanke shi ba. Shekara biyu bayan kundin, a 1986, takardar nan ta Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sabiya ta fallasa, wadda ke cewa ana zaluntar Sabiyawa a cikin tarayyar. A 1987 Miloshevic, shugaban jam'iyyar reshen Sabiya, ya je lardin Kosovo ya hau wannan dokin. Wato abin da Shuvar ya sansano a rubuce-rubucen nan, da gaske yana nan tafe. Ya ga hayaƙi tun kafin wuta ta kama.

Sadiya Mai Rahoto: Ya ga hayaƙi sai ya toshe tagogi. Ai shi ya sa da ta tashi ta ci gidan duka. Da an bar mutane sun yi ta cacar baki a fili tun 1970, da wataƙila masu hankalin cikinsu sun kayar da masu zafin kai a gaban jama'a. Amma da aka hana kowa magana, duk wanda aka taɓa ɗaurewa sai ya fito gwarzo. Tujman, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Kuroshiya, ba haka ya samu suna ba? An ɗaure shi a 1972, aka sake yanke masa hukunci a 1981.

Abu Hafsat: Kuma kar a manta da Musulmi. A 1983 suka gurfanar da Aliya Izetbegovic, wanda daga baya ya zama shugaban Bosniya, a Sarayebo suka yanke masa shekara 14 saboda rubutu kawai. Waɗannan su ne mutanen da Malam ke yabo.

Malam Habu: Shari'ar 1983 gaskiya ce, zalunci ne kuma, sai 1988 aka sake shi. Amma hukumomin Bosniya ne suka yi ta, Shuvar yana Zagreb. Mu ɗora wa kowa kayansa. Jam'iyya ɗaya ce, na yarda, kuma ban san shi da tsaya wa fursunonin siyasa a lokacin ba. Tun a 1971 ma, da guguwar kishin Kuroshiya ta taso ƙarƙashin jagororin jam'iyyar can, Savka Dabcevic-Kucar da Miko Tripalo, yana cikin masu adawa da ita, kuma bayan Tito ya tumɓuke su a ƙarshen shekarar ne tauraronsa ya fara haske. Shi ya sa 'yan kishin Kuroshiya ke kallonsa a matsayin ɗan koren Belgired, su kuma 'yan kishin Sabiya ke kallonsa a matsayin maƙiyin Sabiyawa. Gaba damisa baya siyaki.

Baba Injiniya: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta min, idona ya yi rauni. Na yi aiki da wani kamfanin gine-gine na mutanen Yugoslabiya a nan ƙasar, wajen ƙarshen shekarun 1980. Akwai injiniyoyi biyu da nake ƙarƙashinsu, ɗaya Basabiye ɗaya ɗan Kuroshiya. Mu ba mu ma san da bambanci ba, yare ɗaya muke ji suna yi. Kullum bayan an tashi aiki sai su fito da teburi ƙarƙashin darbejiya, su dafa baƙar gahawa a wani ɗan ƙaramin tulu na jan ƙarfe mai dogon hannu, su yi ta dara irin ta Turawa har magariba. Ɗan Kuroshiyan ne ma ya koya min karanta taswirar gini. Hoton Tito na nan rataye a ofis, shekaru bayan mutuwarsa.

Malam Habu: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wannan zaman na ƙarƙashin darbejiya shi ne abin da Shuvar ya ce yana karewa. Bari in zo kan 1988, don nan ne gwajinsa. Bayan Tito, shugabancin jam'iyya karɓa-karɓa ake yi shekara-shekara tsakanin jamhuriyoyi. Da layi ya zo kan Kuroshiya, mutum biyu suka nema, shi da Ivitsa Racan. Shuvar ya yi nasara, kuma har da goyon bayan ɓangaren Miloshevic, don suna ganin wanda ya yaƙi kishin Kuroshiya a 1971 nasu ne. Ba a yi nisa ba suka raba jaha. Miloshevic ya fara tara dubban mutane a tituna suna tilasta wa shugabanni sauka. A watan Oktoba na 1988 aka kewaye ginin gwamnati a Novi Sad, babban birnin Voyvodina, ana jifan sa da kwalayen kindirmo, shugabannin lardin Voyvodina suka sauka. A Janairun 1989 na Montenegiro suka bi. Kosovo ma aka sauya nata. Shuvar ya fito ya soki wannan salo, jaridun Belgired suka yi masa ca, ana ta kiran a tsige shi.

Ɗan Gwarzo: Kwalin kindirmo? Juyin mulki da fura saura nono ke nan. Malam me ya sa lardunan nan suke da muhimmanci haka?

Malam Habu: Lissafi ne. Majalisar shugabancin ƙasa kujeru takwas gare ta: jamhuriyoyi shida da larduna biyu na cikin Sabiya, wato Voyvodina da Kosovo. In ka riƙe Sabiya da Voyvodina da Kosovo da Montenegiro, kana da huɗu. Ba za ka iya zartar da komai kai kaɗai ba, amma ba wanda zai zartar da abin da ba ka so. An ga amfanin haka a Mayun 1991 da suka hana Stipe Mesic, wakilin Kuroshiya a majalisar, karɓar shugabanci lokacin da layi ya zo kan Kuroshiya.

Abu Hafsat: To shi shugaban jam'iyya guda, me ya hana shi korar Miloshevic? Ya iya jera sunayen mawaƙa da marubuta, amma da ya haɗu da mai haƙora sai ya koma surutu. Ƙarfin kura a kan akuya.

Malam Habu: Wannan suka ce da mutanensa ma suka yi masa, cewa a zaman kwamitin tsakiya na farkon 1989 an sa ran zai fasa ƙwai, sai ya sassauta harshe. Amma ka duba kujerar da kyau. Tsarin mulkin 1974 ya riga ya raba iko ga jamhuriyoyi, kowane reshe na jam'iyya sarki ne a gidansa. Kujerar Tito ce, amma ba Tito a kanta, kuma wa'adin shekara ɗaya ne. Soja ba su amsa masa. A Mayun 1989 ya koma wakilin Kuroshiya a majalisar shugabancin ƙasa, ya gaji Yosip Vrhovets. A Janairun 1990 jam'iyyar ta tarwatse a babban taronta na 14, wakilan Sulobeniya suka fice, na Kuroshiya suka bi bayansu. Jam'iyyar HDZ ta Tujman ta ci zaɓe a bazarar shekarar, a watan Agusta majalisar dokoki ta janye Shuvar, aka tura Mesic a madadinsa.

Sadiya Mai Rahoto: Daga nan sai ya dawo gidanmu.

Malam Habu: Ya dawo gidanku. Kuma nan ne hujjata a kan Abu Hafsat. Tujman janar ne a sojan Tito. Miloshevic ɗan jam'iyya ne tun yana ɗalibi. Mesic ma daga cikinta ya fito. Racan ya sauya wa reshen Kuroshiya suna da aƙida, har ya zama firaminista a 2000. Kowa ya samu inuwar da ya raɓa. Shuvar kuwa a 1994, ana tsakiyar yaƙi, ya kafa mujalla mai suna Hrvatska ljevica, ma'ana masu ra'ayin hagu na Kuroshiya. A ciki ya riƙa sukar yadda aka yi gwanjon masana'antun gwamnati ga 'yan gaban goshi, da rusa gumakan tunawa da mayaƙan da suka yaƙi 'yan Nazi, da kuma halin da Sabiyawan Kuroshiya suka shiga, musamman bayan farmakin sojan Kuroshiya na Agustan 1995 da ya sa fiye da mutum 150,000 barin gidajensu. A wancan lokacin, bayan ragargaza garin Vukovar na Kuroshiya da sojan Yugoslabiya da mayaƙan Sabiyawa suka yi a 1991, faɗin irin wannan magana a Zagreb ba ƙaramin sayen baƙin jini ba ne. A 1997 ya kafa jam'iyyar ma'aikata ta 'yan gurguzu, SRP. Ko kujera ɗaya ba ta ci a majalisa ba har ya rasu.

Ɗan Gwarzo: Ashe Balarabe Musan Turawa ne. An tsige shi, ya riƙe 'yar jam'iyyarsa har mutuwa.

Abu Hafsat: Kar ka haɗa su don Allah. Marigayi Balarabe zaɓensa aka yi a 1979, majalisar 'yan adawa ta tsige shi a 1981. Shuvar wa ya taɓa zaɓensa? Ranar da aka ba mutanen ƙasarsa ƙuri'a ta gaskiya, sun nuna masa matsayinsa. Kuma Malam, ka ce ya ƙi sauya riga. Ni ina ganin ba wanda zai ba shi rigar ne. Mutumin da ya yaƙi kishin Kuroshiya shekara ashirin, ko ya je da kuka Tujman zai karɓe shi?

Malam Habu: Wataƙila ba zai karɓe shi ba. Amma yana da hanya ta uku: ya yi shiru, ya ci fanshonsa, ya koma nazarin ƙauyuka. Da yawa sun yi haka. Shi bai yi ba.

Sadiya Mai Rahoto: Na yaba da mujallar, ban yafe kundin ba. Abin da nake son sani, da ya ɗanɗana zama saniyar ware, da gidajen talabijin suka daina kiransa, ya taɓa tuna waɗanda ya jera a 1984? Domin a iya abin da Malam ya kawo, mutumin bai ga laifin kundin ba, gani yake tarihi ya gaskata shi. Ni kuma a wurina ɗan jaridar da ke son 'yancin magana sai ranar da aka ƙwace masa mulki, akwai sauran magana a kansa.

Ummu Khalil: Baba Injiniya bai ƙarasa mana ba. Baba, ya aka ƙare da mutanen darbejiya?

Baba Injiniya: 'Yata, a 1991 suka sayi rediyo kowa da tasa. Da farko suna sauraro tare suna gardama, daga baya kowa ya koma ɗakinsa da tasa. Wata rana ɗan Kuroshiyan ya samu labarin an yi ruwan bama-bamai a garin iyayensa. Bai yi faɗa da kowa ba. In yana da saƙon aiki ga ɗayan, sai ya ba ni takarda in kai, alhali ofishinsu bango ɗaya ya raba. Kafin ƙarshen shekarar ya tafi. Hoton Tito ban san wanda ya sauke shi ba, na dai zo da safe na ga ƙusar. Tulun gahawar ni ya bar wa, yana nan a ɗakin tsohuwa, tana zuba man shanu a ciki.